Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Bunƙasa Kiwon Dabbobi: A Ga Uwa Kafin A Sayi Kwikwiyo

Zuwa ga Mai Girma Ministan Bunƙasa Kiwon Dabbobi na Tarayya, Alhaji Idi Mukhtar Maiha, Abuja.



Ranka ya daɗe, na san irin takardun da suka saba zuwa wannan ma'aikata tun da Shugaba Tinubu ya kafa ta a watan Yulin 2024: shanu, burtali, wuraren kiwo, madara, fatu da ƙiraga, da rikicin manoma da makiyaya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Tawa wasiƙar a kan kare take. Ina roƙonka kada jin wannan suna ya sa a tura ta ƙarƙashin fayil, domin abin da zan faɗa kiwo ne, kasuwanci ne na maƙudan kuɗi, kuma yana taɓa lafiyar yaran da iyayensu ba su taɓa ajiye kare ba.

Tun da tsaro ya taɓarɓare, duk wanda ya gina gida a gefen gari, a Kaduna ne ko Abuja ko Jos ko Kano, bayan katanga da waya mai ƙaya, abin da yake nema shi ne kare. Ba kuma irin namu na ƙauye ba, mai gajeren gashi, wanda ya saba da rana da ƙanzo. Karen Turawa ake so: Jaman Shefad da muke kira karen 'yan sanda, da Rotwaila, da Bobul na Afirka ta Kudu, da Kokeshiyan mai tulin gashi wanda asalinsa na duwatsu ne masu ƙanƙara. Kwikwiyo ɗaya na irin waɗannan yakan kai ɗaruruwan dubban naira. Cikin masu wannan sana'a akwai mutanen kirki, na san wasunsu, matasa ne da suka gama karatu ba aiki suka riƙe kiwon da gaskiya, suna kiran likita, suna share ɗaki, suna hutar da dabbobinsu. Ba da su nake ba.

Waɗanda nake nufi lissafinsu gajere ne. Karya tana neman namiji kusan sau biyu a shekara, cikinta kwana 63 ne, kuma manyan karnukan nan sukan zuba 'ya'ya shida, takwas, wani lokaci goma. Saboda haka sai a ƙera keji na rodi a bayan gida, a rufa masa kwano, a jera wani a kan wani don kada fili ya tafi a banza, a saka karya a ciki. Duk lokacin da ta zo neman namiji a haɗa ta, ko da da ubanta ne ko ɗan'uwanta, tunda hayar namijin waje kuɗi ce. Ta haihu, a cire 'ya'yan tun suna mako huɗu ko biyar don su yi saurin zama kuɗi, a jira zagaye na gaba. Fitsari da kashin ta sama suna zuba a kan ta ƙasa. Da watan Maris ko Afrilu, idan rana ta take, ka tuna akwai dabbar da Allah ya halitta da gashin ƙasar sanyi tana kwance ƙarƙashin kwano a wurin da ko juyawa ba ta iya yi sosai.

Mai saye ba ya ganin ko ɗaya daga wannan. Abin da yake gani hoto ne a Facebook ko Instagram: kwikwiyo an yi masa wanka, an ɗora shi a kan darduma mai tsabta. Ya tura kuɗi, a haɗu a bakin titi da dillali, ko a saka masa shi a kwali a ba direba a tasha. A haɗa masa da katin rigakafi mai ɗauke da tambarin kwalba amma babu sunan likita. Bayan 'yan kwanaki kwikwiyo ya fara amai da gudawar jini, cutar nan ta farbo da ke kashe ƙananan karnuka cikin sauri, kuɗi sun tafi, wayar dillali a kashe. Wannan asarar mai saye ce, kuma yana da bakin yin ƙorafi. Uwar da ke keji ba ta da shi.

Irin wannan uwa ce ta zo hannuna. Wani abokina likitan dabbobi ne ya kira ni, ya ce wani mai kiwo ya kawo masa karya, Jaman Shefad, yana so a yi mata allurar da za ta huta, don ta daina ɗaukar ciki kuma ciyar da ita asara ce. Da ya duba sai ya ga mahaifarta ce ta cika da mugunya, ciwon da ke kama karyar da ta manyanta ba a yi mata aiki ba, wanda in an bar shi kisa yake yi. Ya ce wa mutumin ya bar masa ita, mutumin ya yi murna ya huta da biyan kuɗin allura. Likita ya yi mata aiki ya cire mahaifar, amma asibitinsa ɗaki biyu ne, ba wurin jinya mai tsawo. Ni kuma ina da fili a bayan gida inda karen gadina yake, da wani tsohon ɗakin ajiya. Ya ce in riƙe ta har ta warke, sannan mu nema mata gida.

Yallaɓai, na ga dabbobi marasa lafiya a rayuwata, ɗan ƙauye ne ni, amma ban taɓa ganin dabbar da ba ta san ƙasa ba sai ita. Da aka sauke ta daga mota ta taka turɓaya, sai ta ƙame, ta riƙa ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Yatsunta sun baje saboda tsayuwa a kan rodi, faratanta sun yi tsawo sun lanƙwashe har wasu sun shiga nama. Haƙoran gabanta sun cinye saboda gwaguyar ƙarfe. Kunnuwanta cike da kaska, gefen kunnen ƙudaje sun ci, ƙazuwa ta cire gashin cinyoyinta, nonuwanta sun zazzago. Haƙarƙarinta kuwa ana iya ƙirga su daga nesa. Yarana suka sa mata suna Duna saboda baƙin bayanta, kuma ina jin wannan ne karo na farko da aka kira ta da wani suna.

Ciwon jiki shi ne mai sauƙi. Likita ya rubuta maganin tsutsar ciki, da na kaska, da na wanka don ƙazuwar, ya yanke faratan, ya yi mata allurar rigakafin haukan kare da ta sauran cututtuka bayan ta ɗan farfaɗo. Ya gargaɗe ni kada tausayi ya sa in cika mata kwano, domin cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar abinci mai yawa lokaci guda. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Ya ce in raba ta da karen gadina na wani lokaci don kada ta shafa masa abin da ta zo da shi. Duk wannan aikin hannu ne da aljihu, kuma cikin makonni gashi ya fara tsirowa.

Abin da ya ɗauki lokaci shi ne tsoro. Na buɗe mata fili mai faɗi, amma sai ta zaɓi lungu guda ta riƙa zagaye a ciki, zagayen bai wuce faɗin kejin da ta baro ba. Ba ta haushi. Ba ta kaɗa wutsiya. Ba ta cin abinci idan akwai ido a kanta, sai dare ya raba ka ji ƙarar kwano. Idan ka ɗaga hannu, ko don ka gyara hula ne, sai ta kwanta ta saki fitsari. Likitan ya koya mini dabara: kada in tunkare ta, kada in kalle ta ido cikin ido, kada in miƙa hannu ta saman kanta. In zo in zauna nesa kaɗan, in ba ta gefe, in yi abin da ke gabana. Haka na riƙa ɗaukar kujera da rediyo da yamma ina sauraron labarai a bayan gida, ina jefa ɗan nama ba tare da na waiwaya ba. Ranar da ta fara matsowa ta shinshina ƙafata, ban motsa ba har ta gaji ta koma. Akwai kuma wani abu da na kasa mantawa: takan ɗauke silifas ɗin yara ta kai lungunta ta kwanta a kai tana lasa, ta tattara su a jikin cikinta. Likita ya ce wannan ba baƙon abu ba ne ga karyar da aka yi ta raba ta da 'ya'yanta.

Masana halayyar karnuka sun ce makonnin farko na rayuwar kwikwiyo, daga kusan na uku zuwa na goma sha biyu, su ne lokacin da yake koyon sabo da mutane da sauran karnuka da ƙarar duniya. Wanda ya yi wannan lokaci a keji, ko aka fizge shi daga uwarsa da 'yan'uwansa da wuri, yakan tashi da tsoro, kuma kare mai tsoro shi ne mai cizo. Duna tsoronta ya koma ciki, ta zama mai laɓewa. Na wani yakan fito waje. Idan Bobul ne mai nauyin babban mutum, kuma an sayar wa magidanci mai ƙananan yara da sunan gadi, ka san inda labarin yake ƙarewa.

A nan zan ɗan ratse, domin na san abin da wasu masu karatu suke faɗa a ransu, maƙwabtana ma sun faɗa mini a fuska: Musulmi da jinyar karya? Ni ba malami ba ne, amma na zauna a zaure. Mazhabar Malikiyya da muke bi tana ɗaukar dabba mai rai a matsayin mai tsarki, har da kare, kuma shari'a ta yarda a ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona. Malamanmu da suka karantar da mu Risala sukan ba da labarin marubucinta, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, cewa da katangar gidansa ta faɗi a lokacin da ake zaman ɗar-ɗar, kare ya ajiye, da aka tuna masa cewa Imam Malik bai so hakan ba, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. A cikin Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, akwai kuma na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Malamai sun yi saɓani a kan halaccin sayar da kare, wannan fagensu ne, na bar musu. Amma babu wanda ya halatta a kulle mai rai a azabtar da shi don riba. Duna ba ta taɓa shiga ɗakina ba, ba ta kusanci inda muke salla ba. Inuwa ta samu, da ruwa, da abinci, da wurin miƙe ƙafa.

Da ta warke muka fara neman mata gida, a nan ne na gane girman matsalar. Na sanar a tsakanin abokai da 'yan'uwa cewa akwai Jaman Shefad kyauta. Waya ta yi ta ƙara. Kusan kowa tambayarsa ta farko ɗaya ce: tana haihuwa? Da na ce an cire mata mahaifa, sai ka ji murya ta yi sanyi, a ce za a sake kira. Wato da ba don aikin da likita ya yi mata ba, da hannuna zan mayar da ita wani kejin. Wasu kuma mugun kare suke so, wanda za a ɗaure da sarƙa yini guda a sake shi da dare, na ce musu wannan ba za ta iya ba. Wani ya ce zai karɓa, amma da na ce zan zo in ga inda zai ajiye ta, ya ce ai ba aure zan ba shi ba.

Daga ƙarshe wani dattijo mai lambun mangwaro da gwaiba a wajen gari ya karɓe ta. Tsohuwar karyarsa ta mutu, yana son wadda za ta riƙa bin sa cikin lambu, ta yi motsi idan baƙo ya shigo. Na je na ga wurin: shinge ne mai kyau, akwai rumfa, akwai rijiya. Na kai ta ziyara kafin in bar ta, na tafi da buhun da take kwana a kai don ta ji warin da ta sani. Na gaya masa komai, har da fitsarin tsoro da satar silifas, na ba shi katin rigakafinta da ranar da za a maimaita allura, na ja kunnensa cewa a makonnin farko ya kula da ƙofa, domin irin waɗannan karnuka idan suka firgita suka fita ba sa amsa kira. Muka yi alkawari a gaban ɗansa cewa idan ta gagare shi, ni zai dawo wa da ita, ba zai sayar ba, ba zai kora ba. Tana can har yanzu. Ya ce ta fara haushi.

To ranka ya daɗe, wannan guda ɗaya ce, kuma sa'a ta yi: ta faɗa hannun likita mai tausayi wanda ya san wani mai fili. Kejin da ta bari bai kwana ba kowa ba, 'yarta ce ta shiga. Sauran irinta idan sun daina haihuwa hanya biyu ce a gabansu: ko a kai su bayan gari a saki, ko a sayar wa masu tara karnuka da ke kai su kasuwanni irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato. Mu masu riƙo ba za mu taɓa cim ma masu zubarwa ba, sai hukuma ta taɓa tushen.

Ba mu ne farkon shiga wannan hali ba. A shekarar 2013 aka ceto wata ƙaramar karya daga wata gonar kiwon kwiyakwiyai a yankin Wales na Birtaniya, aka sa mata suna Lusi. Shekarunta kusan biyar, ƙashin bayanta ya lanƙwashe saboda zaman keji, ƙugunta ya sandare, gashinta ya zube a wurare, tana kuma fama da farfaɗiya. Wata mata ta ɗauke ta ta riƙe, ta riƙa nuna wa mutane hotunanta, har ta mutu a 2016. Wani likitan dabbobi, Marc Abraham, ya jagoranci fafutuka da sunanta, kuma a ranar 6 ga Afrilun 2020 dokar da ake kira Dokar Lusi ta fara aiki a Ingila. Abin da ta ce kaɗan ne: kwikwiyo ko ɗan kyanwa da bai kai wata shida ba, ba a sayen sa a hannun dillali ko kanti, sai kai tsaye daga wanda ya kiwata shi, ko a karɓo daga gidan ceton dabbobi. Wales da Sikotland suka bi sahu a 2021. Kafin wannan, ƙa'idojin 2018 na Ingila sun wajabta lasisi ga duk wanda karnukansa ke haihuwa sau uku ko fiye a shekara, sun hana haɗa karyar da ba ta kai shekara ɗaya ba, sun hana ta haihu fiye da sau ɗaya cikin wata 12 ko fiye da sau shida a rayuwarta, sun hana sayar da kwikwiyon da bai kai mako takwas ba, sun kuma ce dole a nuna wa mai saye shi tare da uwarsa. Dokar ba ta kashe ha'inci ba, har yau akwai masu aro karya lafiyayya su nuna a matsayin uwa, akwai masu fasa-ƙwaurin kwiyakwiyai daga gabashin Turai. Amma ta gano inda sirrin sana'ar yake. Duk kasuwar tana tsaye ne a kan cewa mai saye ba zai ga uwa ba. Da wanda ya sayi ɗan Duna ya ga Duna, da bai fitar da ko kwabo ba.

Darasi na biyu daga Amurka yake. A 2022 hukumomi suka tilasta wa kamfanin Envigo ya saki karnuka kimanin 4,000, nau'in Bigul, daga wurin kiwonsa a Cumberland ta jihar Bajiniya, inda ake kiwata su don sayar wa ɗakunan gwaje-gwaje, bayan masu bincike sun tarar da yunwa da ƙazanta da mace-macen kwiyakwiyai. A 2024 kamfanin ya amsa laifi, aka ɗora masa biyan sama da dala miliyan 35. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka kwashe wannan taron karnuka cikin kusan wata biyu. Gwamnati ba ta gina musu gida ba. Wata ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ce ta rarraba su ga ƙananan ƙungiyoyi sama da 120, su kuma suka ba talakawan gari riƙo har aka samar musu gidaje. In yau jami'inka ya shiga wani gida a Kaduna ya tarar da karnuka talatin cikin irin halin Duna, ina zai kai su? Wannan tambaya ce ke sa jami'i ya kawar da kai ko da dokar tana hannunsa.

Dokokinmu kuwa sun tsufa. Sashe na 495 na kundin laifuka da ake aiki da shi a Kudu ya tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50 ga wanda ya azabtar da dabba, kuɗin da a yau ruwan leda suke saya. Final Kod, wato kundin laifuka na Arewa, ita ma tana da nata sashen a kan cutar da dabba. Dokar karnuka da muka gada daga zamanin Turawa damuwarta lasisin mai kare da haukan kare. Dukkansu sai bayan an yi ɓarna suke magana. A aikace, duk wanda ya mallaki rodi da mai walda ya zama mai kiwon karnuka, ba wanda zai tambaye shi.

Na san za a ce mutane na kwana da yunwa, yara na gararamba ba makaranta, 'yan bindiga sun hana noma, wa ke ta kare? Gaskiya ne, kuma ban ce a ɗauki kwabo daga abincin yaro a kai wa karya ba. Amma ka duba wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 a duk shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin ɗari na masu kamuwa daga kare suke samu, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri rigakafi, cutar takan yanke, kuma duniya ta sa wa kanta wa'adin 2030 don kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya. Muna da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tun 1924, tana yin allurar. Kowace ranar 28 ga Satumba jami'ai sukan fito a yi jawabi a yi wa karnuka allura kyauta. Amma gidan da ke fitar da kwiyakwiyai da dama a shekara da katin bogi, yake kuma sakin tsofaffin karnukansa a bola, yana warware wannan aiki ne a ɓoye. Yaron da ke wucewa ta bolar da allonsa ko tallarsa, ba shi ya sayi kare ba, amma shi za a ciza.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar sabon gini ko sabuwar hukuma. Ka sa Babban Likitan Dabbobi na Ƙasa da Hukumar Kula da Aikin Likitocin Dabbobi su zauna da daraktocin jihohi da su kansu masu kiwon, a fitar da ƙa'ida guda da jihohi za su ɗauka. Duk mai kiwon karnuka don sayarwa ya yi rajista, likita ya riƙa shiga yana ganin wurin, lambar rajistar ta fito a kan duk tallar da zai yi. Kada a sayar da kwikwiyo kafin mako takwas, kuma a wurin da aka haife shi, uwarsa na tsaye mai saye na kallon ta. A ƙayyade yawan haihuwa, a kuma ɗora wa mai kiwo alhakin karyar da ta gama yi masa aiki: ya yi mata aiki ya riƙe ta, ko ya miƙa ta a rubuce ga wanda zai riƙe. Wanda ya ci kuɗin 'ya'yanta shekara da shekaru ba shi da hujjar cewa kwanon abincinta ya yi masa nauyi. Katin rigakafi kuma ya ɗauki suna da lambar likitan da ya yi allurar, don a san wanda za a kama.

Sai batun masu riƙo. Asibitocin koyarwa na likitan dabbobi da ke jami'o'in Zariya, Sakkwato, Maiduguri, Jos da Abuja, tare da asibitocin dabbobi na jihohi, za su iya buɗe rajistar mutanen da suka yarda su riƙe dabba na ɗan lokaci. A duba gidajensu, a koya musu abin da abokina ya koya mini a tsaye a bakin ƙofa, a sauƙaƙa musu kuɗin allura da na aikin cire mahaifa. Ɗaliban da ke neman inda za su koyi aiki ga dama ta samu. Kuma kada a ba da karyar da aka ceto sai an yi mata aikin, in ba haka ba tsugunne ba ta ƙare ba.

Gargaɗi ɗaya zan yi, don na san ƙasarmu. Kada wannan rajista ta zama sabuwar hanyar tatsar talaka. Mafarauci da karnukansa, Bafulatani da karen da ke bin garkensa, manomin da karyarsa ta haihu a gindin rumbu ya rarraba wa maƙwabta, duk ba su cikin wannan magana. Su allura kyauta suke buƙata, ba rasit ba. Ƙa'idar ta tsaya a kan mai yin kasuwanci, kuɗin rajistar ya zama daidai ƙarfin matashi mai farawa, kuma a ba da wa'adin gyara kafin a fara kamu. Mai kiwon kirki zai fi kowa murna, domin mai keji ne ke karya masa farashi yana ɓata masa suna.

Ranka ya daɗe, ba sai ka jira majalisa ba kafin ka fara. Ka tura likitocin ma'aikatarka, ba tare da sanarwa ba, su leƙa bayan gidajen da ke tallar kwiyakwiyai a unguwannin da ke kewaye da Abuja, su ce a nuna musu iyayen, su kawo maka hotuna. Idan ka gani, ka kira taron fitar da ƙa'idar nan kafin ranar 28 ga Satumba mai zuwa.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya. Wassalam.

Naka mai biyayya,
wani mazaunin Kaduna.